Hannun Bahago a Cikin Garmaho

A shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gusau, duk wanda ya mallaki garmaho daga Tsafe har Bungudu ya san rumfar Jatau. Ba su da yawa, gaskiya, in an tara su duka da ƙyar su cika tabarma biyu. Amma mutane ne masu son a san da zamansu, garmaho kuma abu ne mai saurin fushi, saboda haka rumfar ba ta rabuwa da baƙi. Gyara shi ne sana'ar Jatau. Abin da ya yi masa suna kuwa daban ne: a ajiye masa garmaho ko faifai, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya ce shekararsa kaza da ƙerawa, kuma in an bi diddigi a tarar haka ɗin ne. Bai san boko ba. Rubutun da ke tsakiyar faifai a wurinsa ado ne kawai.

Asalinsu maƙeran Rawayya ne. Ubansu ya ƙware a gyaran tarkuna da bindigogin maharba, wato aikin ƙarfe mai tsalle, wanda in ka cika masa wuta ya mutu, in ka rage masa ya karye. Ya bar 'ya'ya maza biyu, Adamu babba, Jatau ƙarami. Adamu bahago ne. An yi faɗan, an yi dukan, har ya koyi cin tuwo da dama, amma masaba da magagari suka ƙi barin hagu, uban ya gaji ya ƙyale shi. Bayan rasuwar uban suka ɗauko mahaifiyarsu, Iya, suka dawo Gusau, domin hanyar Zariya zuwa Sakkwato ta nan ta bi, Turawa kuma sun fara wucewa da kayan da ba sa jimirin tafiya, irin su kwaɗo da fitila da ƙafar gado.

Garmahon farko da suka gani, shekara huɗu bayan zuwan Turawa, kukun wani Bature ne ya kawo shi a ka, yana ta zufa. Maigidansa ya sauka a bariki ya tafi farautar kwana biyu, shi kuwa ya samu sake ya yi ta murɗa hannun abin yana burge masu kawo itace, har wani abu ya ce ƙas a ciki. Ya rantse wa maƙeran in Baturen ya dawo ya tarar da haka kashinsa ya bushe. Adamu ya fere bakin wata tsohuwar wuƙa ya kwance ƙusoshin, Jatau ya zura hannu ba tare da an sa shi ba, wani dogon ƙarfe siriri ya yi tsalle ya tsarga masa babban yatsa. A naɗe yake kamar gammo, shi ya sa har suka girma gammo suke ce masa, ko bayan sun ji akawuna suna cewa sifirin.

Adamu ne ya gano maganinsa. Ya soke ƙarfen ta cikin ɗanyen rogo, ya bar ɗan bakin da ya karye kaɗai a waje, don wuta ta ci nan ta bar saura da ƙarfinsa. Da bakin ya yi laushi ya huda shi, ya haɗa da ɗaya gefen, ya ɗaure da ƙusa biyu na jan ƙarfe, daidai yadda ubansu yake yi wa tarko. Sannan ya ja magagari sau uku kusa da haɗin. Wannan alamar gidansu ce tun Rawayya, don kada wani ya kawo aikin wani maƙeri ya ce nasu ne ya lalace. In Jatau ya ja, zanen dama yake karkata. In Adamu ya ja, hagu yake karkata, na ukun kuma kullum guntu ne, don hannunsa ya riga ya tafi ga aiki na gaba. Da abin ya tashi ya kama waƙa, rabin masu kallo suka watse, sauran rabin suka matso suna leƙen ƙahon ko za su ga mai maganar.

Daga nan labari ya bi kukuna da akawuna da fatake, cewa a Gusau akwai maƙeran da ke ta da garmaho. Adamu gyaran yake so, da ya gama ya manta. Jatau kallon yake so. Shi ne mai tambayar wanda ya kawo, yaushe maigidanka ya saya, sabo ya sauko daga jirgin ruwa ko a hannun wani aka karɓa, damina nawa ke nan. Da wuri ya gane cewa ranar da abu ya iso Gusau ba ita ce ranar haihuwarsa ba, domin Bature ma tsohon kayansa yake fitowa da shi daji. Ya riƙa tara amsoshin a ka, yana jingina su da abin da kowa ya sani, wannan kafin shekarar yunwa, wancan bayanta da damina biyu.

Na farkon nan ƙahonsu a waje yake, babba, faifansu ƙanana masu kauri, waƙa a fuska ɗaya, bayan sumul. Mafi tsufa a cikinsu ko takarda babu a tsakiya, ƙarce rubutun aka yi a jikin faifan. Kafin shekarar yunwa faifai ya zama mai fuska biyu, ƙaho ya fara shigewa cikin akwati, aka yi masa 'yan ƙofofi, a buɗe in ana son ƙara, a rufe in maigida yana barci. Bayan yaƙin Jamus sai ga na tafiya, masu mariƙi, waɗanda mutum zai rataya a hannu. Wannan duk na waje ne, kuma waje yana ruɗi, ana iya shafa masa fenti. Abin da Jatau ya fi yarda da shi na ciki ne. Man da ke jikin gammo in sabo ne yatsa yana nutsewa, in ya shekara biyar ya zama kamar ƙaro, in ya kai goma sai ya riƙa ɓarɓashi. Wani Bafulatani da ya taɓa tsayawa kallo ya ce ashe abin duba haƙoran bijimin sa ne kawai, Jatau ya ce haka ne, sai dai sa ba ya canja haƙori da na wani.

Bai taɓa rage wa abu shekara ba, bai taɓa ƙara masa ba. Ba don tsoron Allah kaɗai ba, kada a yi masa shaidar da ta fi ƙarfinsa. Akwai jin kai a ciki, irin na mutumin da ya san abu ɗaya wanda duk garin babu mai saninsa. Wani dillali ya taɓa dunƙula masa goro fari manya guda biyar don ya sassauta wa wani tsohon garmaho. Jatau ya karɓa, ya ɓare ɗaya ya jefa a baki, mai saye ya zo, ya faɗa masa shekarun cif, har ya ƙara da cewa gara ta taɓa gindin akwatin.

A shekara ta uku ta yaƙin Jamus aka zo neman 'yan ɗaukar kaya, aka ce kowace unguwa ta ba da mutane, gidan maƙera ya ba da ɗaya. Bisa al'ada ƙarami ya kamata ya tafi. Amma Jatau yana kwance da kurkunu a ƙafa, ko bayan gida da sanda yake zuwa. Adamu ya ce shi zai je, ai wata shida ne. Ya bar matarsa Uwani da 'yar goye, ya bar masabarsa a kan uwar maƙera, ya bi ayari aka yi kudu da su, daga can aka ce an sa su a jirgin ruwa.

Waɗanda suka dawo sun dawo ne a shekarar marisuwa, murar nan da ta kwashe mutane, wadda ta tafi da matar Jatau ta fari. Adamu ba ya cikinsu. Wani Jibo, mutumin Kekun Waje, wanda suka yi tafiyar tare, ya zo har gida ya ce ya bar Adamu a wani asibitin tanti a bakin teku, atini ya cinye shi, ba ya ko iya ɗaga kai. Ya ce bai ga an binne shi ba, amma waɗanda aka bari a tantin nan bai san wanda ya fito ba. Dangin Uwani suka kai magana gaban alƙali, aka yanka mata jiran shekara huɗu. Ta zauna a gidan ta cika su, ta yi takaba, aka yi wa Adamu addu'a aka raba waina. Iya ce da kanta ta ce kada a bar yarinyar ta tafi da jikarta gidan wani, ga Jatau nan ba mata. Aka ɗaura.

Jatau yana son Uwani, kuma son bai jira hukuncin alƙali ba. Bai taɓa fatan wansa ya mutu ba, wannan ya sani sarai. Amma ranar da shekara huɗun suka cika ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, ya kuma ji kunyar saukarsa, bai faɗa wa kowa ba. Suka zauna lafiya. Uwani mace ce marar yawan magana, mai tsabta, tuwonta ba gudaji. Ta haifa masa maza biyu. Iya idonta ya yi yana, ta koma zaman tabarma tana cire wa auduga gurya da lalube, kowace Juma'a kuma sai ta sa an kai ƙosai masallaci sadaka ga babban ɗanta.

Auren yana shekara bakwai aka kawo garmahon Lukuman. Lukuman Bayaraben Ilori ne, akawun masu shimfiɗa dogo, mutum mai son ado da son gardama. Da hantsi ya zo, shi da abokansa biyu. Ya ce a Zariya ya saya wajen wani akawu, wanda ya rantse masa sabo ne fil, daga jirgi sai hannunsa. Abokan kuwa tun a hanya suke masa dariya, wai tsohon kayan zamanin yaƙi ne aka shafe da baƙin mai aka ɗora masa. Ga shi yanzu gammon ya karye. Yana son a gyara, yana kuma son a raba gardama.

Jatau ya fara da waje, yadda ya saba. Na tafiya ne, baƙi, ƙahon a ɓoye ƙarƙashin faranti. Ya ciro kan da ake sa wa allura ya ɗaga shi sama. Na da, wani siririn dutse ne a fuskarsa, mai haske, ana hango yatsa ta cikinsa. Wannan farin ƙarfe ne sakayau, mai ƙuraje. Irinsa na farko da Jatau ya gani damina uku ke nan, wajen Baturen injin auduga, kuma wannan daga jirgi aka kawo shi kai tsaye. Ya ɗora faifan Lukuman ɗaya a kan wani garmaho da ke jiran mai shi, ya murɗa. Ganga ta fito da gindinta, wato kaurin amonta, wanda faya-fayan zamanin da ba su taɓa iya ɗaukowa ba. A ransa ya ce shekara uku, in an matsa uku da rabi. Bai furta ba, don bai ga ciki ba tukuna.

Ya kwance faranti, ya ciro tukunyar gammo, ya buɗe ta a hankali cikin tsumma. Abin da ya fara dukan hancinsa manja ne. An taɓa buɗe ta ke nan, a ƙasar kudu, inda manja ya fi man kaɗe araha, kuma man bai daskare ba. Ya warware ƙarfen yana neman karayar. Ya same ta kusa da tsakiya. Amma can wajen baki, taƙi guda daga ƙugiya, akwai tsohon haɗi wanda bai motsa ba. Ƙusa biyu na jan ƙarfe. Ya goge wurin da babban yatsa, sai ga zane uku na magagari, sun karkata hagu, na ukun guntu.

Ya daɗe yana gogewa, har Lukuman ya tambaya ko abin ya fi ƙarfin gyara ne. Jatau ya ce a'a, a dawo bayan kwana uku. Abokan suka ce to shekarun fa, ya ce su ma bayan kwana uku. Wannan bai taɓa faruwa ba, suka tafi suna cewa tsufa ya fara taɓa maƙerin.

Abin da ya yi a kwana ukun nan, da wani ne ya yi, da ya yi masa dariya. Ya tashi haiƙan neman hanyar da zai ƙaryata kansa. Ya ce wataƙila gammon tsoho ne, Adamu ya gyara shi tun kafin yaƙi, wani ya ciro daga mataccen garmaho ya sa a sabo. Ya zazzage buhun tsofaffin gammaye da ya tara shekara ashirin, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na da sun fi faɗi, ko bakin tukunyar ba sa shiga, ƙugiyarsu ma daban. Wannan gammon da tukunyarsa aka haife shi. Ya ce to wataƙila idonsa ne, shekara goma sha uku rabonsa da ganin sabon zanen Adamu. Ya yi sammako ya ari jaki ya tafi Bungudu, wajen Dogo mai sayen fata, wanda ke da wani tsohon garmaho mai ƙaho da Adamu ya ɗaure watanni kaɗan kafin tafiyarsa. Ya ce ya zo ne ya sa masa mai kyauta. Dogo ya yi mamaki, amma ba a ƙin kyauta. Jatau ya jera ƙarfe biyun a kan cinyarsa a cikin rana. Hannu ɗaya ne, har yadda ƙusa ta biyu ta ɗan fi ta farko kwanciya. A hanyar dawowa ya ce ko Adamu ya koya wa wani kafin ya cika, sai ya tuna wanin ma dole ya zama bahago, mai gaggawa a zane na uku, kuma ya koyi ƙira a wajen mutumin da ba ya iya ɗaga kai. Ya daina.

Lissafin a bayyane yake. Garmahon bai kai shekara huɗu ba, gyaran bai wuce damina biyu ba. Ranar da aka raba wainar Adamu, Adamu yana wani wuri yana numfashi, ranar da aka ɗaura auren ma haka. Mutumin da ya tafi a madadinsa yana raye, shi kuma yana cikin gidansa, da matarsa, da masabarsa. Tsoro ya kama Jatau, tsoron rasa Uwani. A ƙarƙashin tsoron akwai murna cewa wansa bai mutu ba, kuma ya lura murnar ta fi tsoron ƙanƙanta. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Rana ta biyu bayan azahar ya tsaya wajen Malam Sahabi, limamin unguwarsu, ya ce wani ne a Tsafe ya aiko shi da tambaya. Ya zayyana labarin ɓataccen miji da matarsa da aka aurar wa wani. Malam ya saurara yana kallon yatsun Jatau da suka yi ja da manja, ya ce a faɗa wa mutumin Tsafe aurensa yana nan daram. An jira abin da shari'a ta ce a jira, an yi takaba, an tare, ko mijin farko ya shigo gari yau ba shi da hanya, kuma ba zunubi a kan kowa. Jatau ya yi godiya ya miƙe. Malam ya bari sai da ya sa takalmi ɗaya.

"Shi wanda yaɓ ɓace, uwa tai na da rai?"

Jatau ya ce an ce tana nan.

"To ita ba ta da idda," in ji Malam. "Ka hwaɗa ma mutumin Tsahe hakanan."

Rana ta uku ya ɗaure karayar gammon, ya yanke tsohon haɗin ya ajiye gefe, ya yi sabo a wurinsa. Lukuman ya zo da abokansa, da wasu da suka biyo don jin hukunci. Jatau ya ce shekara uku da ƙerawa, ba kayan yaƙi ba ne, amma ba daga jirgi sai hannun akawun Zariya ba, ya zauna a kudu, ya karye a can, an gyara. Kowane ɓangare ya ce shi ya ci, suka dasa sabuwar gardama a nan take. Jatau ya ja Lukuman gefe ya tambaye shi ko za a iya samun wanda ya sayar masa. Lukuman ya ce an yi wa mutumin canjin wurin aiki zuwa gabas tun bara, kuma da ya san inda yake da shi ya fara zuwa, tunda ya yi masa rantsuwar ƙarya. Ya ce kudu kuwa ba gari ɗaya ba ce, Hausawa suna ko'ina, daga Ikko har inda ba a zato. Ya rataya abinsa ya tafi.

Aka bar Jatau da guntun ƙarfe wanda bai fi tsawon yatsa ba. Wuta tana ci a maƙera. Duk duniya shi kaɗai ya san abin da guntun nan yake faɗa, kuma in ya jefa shi cikin gawayi ya ja zuga-zugi sau goma, shi ke nan. Ya kama shi da awartaki, ya kai shi har bakin wuta, ya riƙe. Sai ya tuna gobe Juma'a, za a aiko ya ba da abin sayen wake don ƙosan sadaka, kuma zai bayar, wannan makon da na gaba da na bayansa, yana kallon tsohuwa tana yi wa rayayye addu'ar matattu. Ya ga ba zai iya ba. Ya sauke awartakin, ya jefa guntun a aljihu, ya rufe rumfa tun la'asar ba ta yi sanyi ba.

Ya tarar da Iya a inuwar ɗakinta da ƙwaryar auduga. Uwani tana bakin murhu tana tankaɗe, yaran sun tafi ɗebo ruwa. Ya durƙusa ya gaishe da tsohuwa, ya kamo hannunta ya sa mata ƙarfen a tafi. Shekara talatin ta yi a gidan maƙeri kafin a kawo ta Gusau. Ta shafa ƙusoshin, ta kai farce kan zanen, ta bi na farko, na biyu, ta tsaya a na uku. Ba ta faɗin sunan ɗan fari, ko a ranar addu'arsa ba ta faɗa ba.

"Wanga aikin wanka na," ta ce. "Ina kas samo shi? Cikin na da?"

Ƙofa ce a buɗe. Aikin Adamu na da yana nan warwatse a gari, in ya ce i babu mai ƙaryata shi har abada. Ya ji tankaɗen Uwani yana tafiya a bayansa.

"A'a, Iya. Garmahon bai kai shekara huɗu da ƙira ba. Gyaran kau damana biyu, bai wuce ba."

Tankaɗen ya tsaya. Iya ta damƙe ƙarfen, bakinta yana motsi, hawaye suka biyo kuncinta. Murna ce zalla, ba ta ɓoye ba, ba ta kuma tsaya tunanin abin da maganar ta ɗauko wa sauran mutanen gidan ba. Ta yi hamdala ta sake yi. Ta tambayi wane gari, ya ce bai sani ba, kudu dai, inda ake cin manja. Ta tambaya ko ya tabbata, ya ce da yana da hanyar rashin tabbata da ya bi ta, ya nema har Bungudu bai samu ba.

"Yana da ƙarhin riƙon masaba ke nan," ta ce. "Yana cin abinci."

Ta sa aka ɗaure mata guntun a bakin zane. Ba ta tambayi dalilin da ya hana shi dawowa ba, Jatau ma bai tayar da zancen ba. Wataƙila Adamu ya ji labarin auren daga bakin wani falke ya zaɓi zama inda yake. Wataƙila ya yi wani gidan. Ƙarfe yana faɗin shekara da hannun da ya taɓa shi, ba ya faɗin dalili.

Jatau ya juya wajen Uwani. Ta ci gaba da tankaɗenta, kanta a sunkuye. Ya matsa kusa ya gaya mata abin da Malam Sahabi ya ce, kalma bayan kalma, cewa aure yana nan, ba laifi a kanta, ba laifi a kansa, ko an dawo yau ba abin da zai canja. Ya faɗa da sauri fiye da yadda ya so. Ta ce ta ji. Ya tsaya ko za ta ƙara, ta kaɗe rariya ta tashi ta duba ruwan tuwo. Ya koma ƙofar ɗakinsa ya zauna a kan buzu, yana kallon bayanta, yana jiran kuka ko faɗa ko ta ce a kai ta gidansu. Ya shirya wa kowanne amsa.

Kafin magariba ta gama. Ta zuba wa Iya, ta zuba wa yara, ta ɗauko akushinsa da ƙwaryar ruwa, ta zo ta durƙusa ta ajiye a gabansa kamar kullum.

"Jatau, ga tuwo," ta ce.

Shekara bakwai bakinta bai furta sunan nan ba, domin mace ba ta kiran sunan mijinta. Haka take kiransa a da, lokacin tana matar wansa shi yana ƙanen miji. Ya ɗaga kai ya dube ta ko da gangan ta yi, bai ga komai a fuskarta ba. Ta gyara murfin akushin ta koma bakin murhu.

Adamu bai dawo ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba, ko da yake Jatau ya riƙa ba fataken goro sallahu duk shekara. Iya ta daina sadakar ƙosai, ta koma tambayar ko jirgin yau ya iso. Auren bai mutu ba, Uwani ba ta taɓa yin yaji ba, ba ta rage masa komai na hakkinsa ba. Amma daga ranar nan har ya bar duniya, da sunansa take kiransa.